Amsa ga 'yar uwar da cajin wayarta ke ƙarewa kafin azahar

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, sannu da haƙuri. Wallahi ina karanta tambayarki raina ya sosu, don duk abin da kika lissafa na sha shi. Kin ce ki cika waya taf da asuba, kafin a kira azahar ta dawo kashi 15, bayanta ya ɗau zafi, kuma wani lokaci tana kan 30 sai ta ɗauke ɗif. To wannan na ƙarshen shi ya fi tayar min da hankali. Wayar da ke mutuwa alhali tana nuna da sauran caji, yawanci batirin ne ya gaji, ko kuma an sa miki na jabu, duk dabarar da za ki yi a setin ɗan sauƙi kawai za ta kawo.

Ni wani mai gyara ne ya cuce ni, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ɗaci. Na kai masa waya ya canza batir, ya rantse min orijinal ne, ya karɓi kuɗin orijinal, ya ce in je in dawo bayan la'asar. Farkon 2023 ne lokacin canjin kuɗin nan, kun dai san yadda aka yi, ko naira ɗari biyu ba ka gani a hannu, komai sai transfa. Ran nan cikin dare zazzaɓi ya rufe autana, maigida ba ya gari, na saɓa shi a kafaɗa na tafi kemis. An haɗa magani, na ciro waya tana kan 40 da wani abu, na buɗe manhajar banki, ina cikin saka lambar akawun sai fuskar ta yi baƙi. Na danna na danna shiru. Mai kemis ya jona min a cajarsa ta ƙi tashi, yaro na kuka jikinsa rau a wuyana, mutane a bayana suna jira, ni kuma hawaye kawai nake. Bawan Allahn nan shi ya miƙo min ledar ya ce Hajiya je ki ba shi, kya kawo gobe, Allah ya saka masa da Aljanna. Da na kai wayar wani wuri aka buɗe a gabana, ashe tsohon batir ne aka manna wa sabuwar takarda, da aka ɗaga gefenta ga ta asalin nan a ƙasa duk ta koɗe, kuma ya fara kumbura. Na koma wa mutumin ya ce wai cajata ce ta lalata shi, ko haƙuri bai ba ni ba, yana ta danna wayarsa ina magana. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Don haka in za ki canza, ki tsaya a kansa a buɗe a gabanki, ki ga kwalin, ki karɓi tsohon naki ki tafi da shi, ki sa a rubuta miki rasit da garanti ko na wata ɗaya ne. In kamfanin wayar na da ofishin gyara a garinku gara can ko da ya fi tsada.

Amma kafin nan ki shiga setin, wajen Battery, zai nuna miki manhajar da ta fi shan caji. Mu masu kasuwanci a waya WhatsApp da TikTok da Facebook ne ke cinye mu. Ki kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye a WhatsApp, don gurup ashirin kowa na turo bidiyon atamfa da leshi, wayar na ta aiki ko tana cikin jaka. Facebook ki koma Lite, wato ƙaramar manhajarsa mara nauyi. Hasken fuskar ki rage shi sosai, shi ne babban mai sha. Baƙin launi (Dark mode) da ake cewa a saka yana taimako ne in fuskar wayarki irin wadda ake kira AMOLED ce, in irin LCD ce bambancin ba wani ba ne. Kuma don Allah duk manhajar nan da talla ke cewa za ta share waya ta ƙara ƙarfin batir, ki goge ta, ita ma cajin take ci tana cika miki waya da talla.

Wani abu da mutane ba sa lura, sabis. In unguwarku sabis ba shi da ƙarfi wayar ƙara ƙarfi take tana neman eriya, kamar mai ƙwala wa na nesa kira, shi ya sa in muka je ƙauye biki caji ba ya kai yamma. In layi biyu gare ki, wanda ba ya kamawa a gidan ki kashe shi. Hotspot ma haka, yaran gida su jona su kalli katun, waya ta yi zafi jau.

Zafin nan kuwa shi ke kashe batir tun kwanansa bai kai ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce kada a yi aiki da waya a zafin da ya wuce digiri 35, mu kuma a watan Afrilu muna haura 40. Kar ki sa ta ƙarƙashin filo tana caji, kar ki jingina ta gefen risho ko gas kina kallon girki, ki cire mata riga in za ki jona, kuma ki daina latsa ta tana kan wuta, na san da wuya in kwastoma na jira. Wajen masu caji ma in dole ta sa, ki haɗa da cajarki, don wasu wayoyi ake tarawa kan juna a akwati ga inji na ruri, ka karɓo waya hannu ba ya iya riƙe ta. Zancen wai sai ta mutu gaba ɗaya sannan a yi caji, na batiran da ne, na yanzu lithium ne, ya fi son a jona shi tun yana wajen 20 a cire wajen 80 ko 90. Na san da yanayin wutarmu ba kullum zai yiwu ba, in an kawo kowa cikawa yake, ki dai yi iya yinki. Kuma ki sani batir na da iyaka, da yawa bayan caji cikakke kamar sau 500 ƙarfinsu kan sauka zuwa kashi 80, to waya mai shekara biyu a hannun 'yar kasuwa ta wuce nan.

Af, lambobin kwastomominki da bashin da kike bi ki rubuta su a littafi, wata ƙawata wayarta ta mutu da lissafin adashi a ciki, rigimar da aka yi ba a magana.

Yau ɗin nan ki cire rigar wayar ki ajiye ta kan tebur, in ta ƙi kwanciya daidai, ko kika ga bayan ya ɗago ko fuskar ta fara rabuwa ta gefe, kar ki ƙara jona ta, kar ki matsa wurin, batir mai kumburi na iya kama wuta, ki nisanta ta da yara. In kuma lafiya lau take ki ɗauko hoton shafin Battery ɗin ki turo nan mu duba tare, ki faɗa mana ko an taɓa buɗe wayar.