Likita ya amsa: idan fituwitari ta yi aiki fiye da kima

Tambaya: Likita, shekara biyu da yaye ɗana amma har yanzu nono na zuba, al'adata kuma ta ɗauke. Gwaji ya nuna ba ni da ciki. Me ke damuna?

Amsa: Malama, a fara auna miki furolaktin a jini, wato sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa. Fituwitari ce ke samar da shi, wata 'yar halitta mai faɗin kusan santimita 1 da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci. Idan ƙari ya fito mata, takan zubo sinadarin fiye da buƙata, sai jiki ya ɗauka shayarwa ake yi, ƙwai ya daina fita, al'ada ta tsaya. Ki kwantar da hankalinki, irin wannan ƙari kusan duk ba ciwon daji ba ne, kuma maganin cabergoline kan rage girmansa, mata da yawa su sake haihuwa. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, domin irin su metoclopramide da haloperidol ma suna ɗaga furolaktin.

Tambaya: Zobena ya daina shiga, takalmana sun matse ni, ga minshari da yawan gumi. Shekarata 45.

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da akuromegali, wato yawan sinadarin girma bayan ƙashi ya gama tsawo, galibi saboda ƙari a fituwitari. Da a yaro ne, tsawo zai yi ta yi, kamar Robert Wadlow na Amurka da ya kai mita 2.72 kafin rasuwarsa a 1940. A babba kuwa hannu da ƙafa ke faɗi, muƙamuƙin ƙasa ya turo gaba, haƙora su warwatsu. Abin da ke damuna shi ne a hankali take zuwa, mutanen gida ba sa lura har sai hawan jini da ciwon suga sun shigo. Ɗauko tsohon hotonka ka kai wa likita, a auna IGF-1 a jini, wanda ke nuna yawan sinadarin girma, a yi hoton MRI. Ta hanci ake bi a cire ƙarin. Idan ganinka na gefe ya fara raguwa, kada ka jira, alama ce ƙarin na danne jijiyar ido.

Tambaya: Fuskata ta kumbura, ciki ya yi girma da jar nankarwa, ƙafafu sun rame. Cutar Cushing ce?

Amsa: Tana yiwuwa. A wannan cutar fituwitari ke tunzura halittun da ke saman ƙoda su yawaita sinadarin kotizol. Amma kina shan maganin dexamethasone ko prednisolone? Su suka fi jawo wannan kama. In kina sha, kada ki daina lokaci guda, akwai haɗari. Likita ne zai rage miki sannu a hankali.