Kayan safiyon kakanmu: a goge a sayar, ko a ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu wanda ya yi aikin safiyo tun zamanin Turawa sai muka ci karo da wani akwatin katako, cikinsa wata na'ura mai tabarau an rubuta Cooke, Troughton & Simms, York a jikinta, ga kuma wata doguwar sarƙar ƙarfe. 'Yan jari bola sun ce za su saya a kilo. Ni kuma na ce bari in sa Brasso in goge ta ta yi ƙyalli tukuna. Ya kake gani? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah Ya jiƙan kaka. Dan Allah ka ajiye Brasson nan, kuma kar ka bari 'yan kilo su ɗora ta a sikeli. Masu tara irin waɗannan kaya abin da suke nema shi ne asalin fenti da man da kamfani ya shafa mata, to da zarar ka kankare shi ka rage mata daraja kuma ba ya dawowa, tsumma busasshe mai laushi ya isa ka share ƙura kawai.

Na'urar nan ga dukkan alamu tiyodolait ce, wadda ake ɗorawa a kan ƙafa uku a auna kusurwa, ta gefe da ta sama. Sunan da ke jikinta ma ya ba ka shekarunta: a 1922 ne kamfanin T. Cooke & Sons na York ya haɗe da Troughton & Simms na Landan suka ɗauki wannan suna, ka ga ba za ta girmi 1922 ba kenan. Duba lambar siriyal ɗinta ka rubuta. Kar ka buɗe tabarau ka zura yatsa ciki, siraran layukan da ke gicciye a wasu tsofaffin na'urori da zaren gizo-gizo aka yi su, taɓawa ɗaya sun tsinke.

Sarƙar kuwa ni ita ta fi burge ni wallahi. Ka miƙe ta a tsakar gida ka auna. In ta kai ƙafa 66, wajen mita 20, mai gaɓa 100 da 'yar alamar tagulla a kowace gaɓa ta goma, to sarƙar Gunter ce, wadda Edmund Gunter ya fito da ita a Ingila a 1620. Sarƙa 80 mil ɗaya ke nan, fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa 1 kuma shi ne eka ɗaya, wannan ekar dai da muke cinikin gona da ita har yau. In kuma ta kai ƙafa 100 ta injiniyoyi ce.

Akwatin kar ka raba shi da na'urar, haka duk wata takarda ko littafin awon kaka in akwai, don su ne shaidarka cewa ba jabu ba ce. Intanet cike take da sabbin ƙirar Indiya masu ƙyalli an buga musu Stanley London ana sayar wa mutane a matsayin tsoffi.

In da ni ne ba zan sayar ba gaskiya. Amma in iyali sun matsa, ka fara nuna wa wani tsohon ma'aikacin safiyo ko malaman sashen safiyo na jami'a, kuma in mai sayen daga waje yake ka tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kafin kayan su bar Najeriya.