Bidiyon Kamu Ya Fita Gari, Yaya Zan Yi Da 'Yata?

Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta 13, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ranar kamun ƙanwar mijina, 'yar tawa ta ɗauki bidiyon matar baffanta tana rawa ba mayafi, cikin mata zalla, ta ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Ba a kwana biyu ba sai ga shi a TikTok, maza na ta tofa albarkacin bakinsu. Yanzu ko gaisuwata matar ba ta amsawa. Na ƙwace wayar na kulle a durowa, amma yarinyar ta dage ba ta da laifi tunda ba ita ta kai TikTok ba. Ina mafita?

Wata uwa, Zariya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanyaya zukata. Mu fara da wadda aka zubar wa mutunci. Ki ja 'yarki ku je gidan, ta durƙusa ta ba da haƙuri da bakinta, ke ma ki bayar. Ku kai ƙarar bidiyon a cikin TikTok ɗin cewa an sa shi ba da iznin mai shi ba, in kuma kun san wanda ya ɗora, a same shi ta hannun manya ya goge. Sai dai kada ki yi wa matar alkawarin ya ɓace, wanda ya sauke a wayarsa ya riga ya sauke.

Ita kuma yarinyar ba taurin kai ne kawai ba. Abin da ta sani shi ne sitatus na gogewa bayan awa 24, don haka a ganinta wasan yini ɗaya ne. Ki zaunar da ita, ku buɗe jerin lambobin wayarta, ta gaya miki su waye ɗaya bayan ɗaya. Za ki tarar da mai caji, ɗan ajinsu, wani yayan ƙawa da ita kanta ba ta tuna fuskarsa. Duk wanda ta ajiye lambarsa shi ma ya ajiye tata yana ganin abin da ta sa, yana kuma iya naɗe shi. Ko hoton nan da ake turawa a WhatsApp a buɗe shi sau ɗaya ya ɓace, wata waya daban na iya ɗaukarsa. Ku shiga saitin sitatus tare, ta zaɓi mutanen da za su riƙa gani.

Amma saiti ba shi ne maganin ba. Abin da ya kamata ya zauna mata a rai shi ne fuskar wani ba kayanta ba ce. Matar baffanta ta cire mayafi ne saboda ta amince da waɗanda ke ɗakin, wannan amincin aka ci. A Islamiyya sun karanta Suratul Hujurat, aya ta 12, inda aka hana bin diddigin mutane da cin namansu. Ki tambaye ta, da matar na kusa da ita lokacin da za ta danna, za ta yarda?

Ni kaina a hannun 'yata na koyi wannan. Tana shekara 12 na ɗora sakamakon jarrabawarta a Facebook don murna, ga cikakken sunanta, ga sunan makaranta, ga aji. Da ta gani sai ta ce, "Umma, kin tambaye ni?" Kunya ta kama ni, na goge. Tun ranar doka ɗaya ce a gidana, har da ni da babansu: hoton da wani ke ciki ba ya fita sai an tambaye shi. Ki duba naki sitatus ɗin, Hajiya. In kina sa hoton jaririn maƙwabta ko na mara lafiya a gadon asibiti ba tambaya, wa'azinki ba zai shiga ba.

Ta kuma san abin na iya wuce faɗan gida. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha gurfanar da mutane da sashe na 24 nata kan abin da suka wallafa.

Batun waya, ki mayar mata bayan mako biyu. Shekara 13 ita ce mafi ƙarancin da WhatsApp da TikTok suka yarda a buɗe asusu, kin ga ƙafarta ɗaya ce kawai a ciki, tana buƙatar rakiya. In kika hana ta gaba ɗaya za ta ari ta ƙawa, inda idonki ba ya kaiwa. Ki faɗa mata gaba da gaba cewa za ki riƙa dubawa, kuma ku duba tare, ban da lalube cikin dare tana barci. TikTok na da tsarin Family Pairing da ke haɗa asusunki da nata.

Bikin gaba kuwa, ki ba dangi shawara a aje kwando a ƙofar ɗakin kamu, kowa ta saka wayarta, a bar mai hoto mace guda ɗaya. Ki ɗora wa 'yar taki tsaron kwandon.