Wai a buga masa littafi, sai bayan ƙaddamarwa ya biya?

Ka tambaye ni kan abokin nan naka mai kabu-kabu da rana, rubutu a waya da dare. Ka ce ya gama labarinsa, yana son kwafi 500, ba shi da ko sisi sai an yi ƙaddamarwa, ga mahaifinsa a kwance, ga ƙanne a wuyansa, ko za mu taimaka. To yaro, ba za a buga ba. A shagon nan ba a yanka takarda sai kuɗinta sun shigo, ba a kunna inji sai marubuci ya sa hannu a kan gwaji, wato kwafin farko da ake fitar masa ya duba kurakurai.

Ku yaran yanzu tausayi ya yi muku yawa, lissafi ya yi muku kaɗan. Ka ce labarin zai kai kalmomi dubu 25. A girman A5, da harafi mai lamba 12, shafi ɗaya na cin kalmomi 250 zuwa 300, wato shafi 96 ke nan in an haɗa da sadaukarwa da godiya da suke son cikawa da sunayen dangi. Takardar A4 guda tana ba da shafi huɗu, littafi ɗaya zai ci 24. Kwafi 500 takarda dubu 12, rim 24 mai takarda 500 kowanne, ka ƙara ɗaya ko biyu na ɓarna. Ba a zo kan bango ba, ba tawada, ba gam, ba man janareta in an ɗauke wuta. Takardar nan kuwa daga Duwala take tasowa, ta biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan babbar mota ta kawo mana ita nan Garwa a arewacin Kamaru, kowane zango da kuɗinsa. Mai takarda bai san wata ƙaddamarwa ba.

Kalmar nan ta ƙaddamarwa ita ce ta sa nake ba ka amsa maimakon in ce ka je ka share shago. Wani mutum ne ya taɓa zuwa, ba yaro ba, dattijo da furfurarsa, babbar riga ta sha aiki, turare tun daga bakin ƙofa. Tarihin zuri'arsu ya rubuta, shafi 128, kwafi dubu. Rim 64 ke nan, ban da ɓarna. Kafin alƙalamin da ya ajiye bai kai rabin kuɗin takarda ba, sauran aka ɗauko bashi wajen dillali. Aka tsara, aka fitar masa da gwaji, ya tafi da shi kwana biyu ya dawo yana cewa ba komai, a buga. Da aka miƙa masa biro sai ya yi dariya, wai tsakaninmu har sai an sa hannu, ai shi sa'an mahaifina ne. Ƙunshi takwas ne a kowane littafi, shafi 16 kowanne, da hannu aka ninke su, aka ɗinke da zare, yara suka kwana a shago har idonsu ya yi ja. Ana gobe taro ya aiko mota ta kwashi 200. A wajen taron manya suka yi ta sayen kwafi ɗaya da kuɗin da zai biya rim goma, kowa ya gani da idonsa. Bayan mako sai ga shi da littafin ya sha jan biro: an yi kuskure a sunan kakansa, an maimaita sakin layi a shafi na 41, an sa wata shekara ba daidai ba. Duk haka suke a takardun da ya kawo, harafi da harafi. Ya ce mu muka ɓata masa suna, ba zai biya ba, ba zai ɗauki sauran ba. Aka je gaban mai unguwa, aka ce ina shaidar ya duba ya yarda? Babu. Aka ce a yi haƙuri, a raba asara. Shi wace asara ya yi? Kwafi 800 suka zauna a lungun can da kake ajiye tsintsiya, gara ta ci na ƙasa, na sama aka sayar wa masu tsire da ƙosai a kan sikeli. Dillalin takarda kuwa sai da aka biya shi cif. Daga baya littafin ya fito daga tsallaken iyaka, da tsarinmu, da kurakuran nan uku ba a gyara ko ɗaya ba. Har yau in na ji an ce ƙaddamarwa raina ɓaci yake.

Saboda haka gwaji ba wasa ba ne. A buga masa littafin duka a takarda, ba a allon waya ba, ya karanta, ya sa hannu da kwanan wata a kowane ƙunshi, har da bango. Abin da ya gyara bayan sa hannu, aljihunsa.

Kuma tun da a waya ya rubuta, na san ciwon da zai zo da shi: haruffa masu lanƙwasa. Ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin allon bugun Faransanci da ke kan kwamfutocinmu, shi ya sa yaran ke rubuta b da d da k tsirara, ko su liƙa musu waƙafi a gefe. Sai ka ga kafa inda ake nufin ƙafa, bari inda ake nufin ɓari, dauri a wurin ɗauri. Kada ka kuskura ka ce kwamfuta ta canza su gaba ɗaya, za ta lalata masu kyau ma. Shi zai zauna ya bi kalma-kalma. In ya sa su daidai, sai ka duba ko salon harafin da ka zaɓa yana da su, don wasu ba su da su, sai inji ya fitar da ɗan akwati ko ya aro harafi daga wani salon, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri. Matsalar ɗaya ce da aikin Fillanci, ka sha gani. A mayar da fayil PDF da haruffan a cikinsa kafin ya bar kwamfutar da aka tsara shi. Jeren shafuka kuwa ba zan tsaya koya maka ba, wanda ya shekara a shago bai san wane shafi ke kwana kusa da wane ba, gara ya koma tallan ruwa.

Ɗauri shi ne inda littattafan garin nan ke mutuwa. Shafi 96 ya yi wa ɗaurin wayar ƙarfe yawa: takardun tsakiya sukan turo baki waje, in ka daidaita da injin yanka ka ci gefen rubutu, da damina kuma wayar ta yi tsatsa ta ɓata takarda. Gam zalla ma ban yarda da shi ba, a zafin Maris da Afrilu da ya wuce 40 mai araha yakan saki, a hunturu ya bushe ya tsage. A ɗinke da zare sannan a sa gam. Da takarda mai giram 80, ƙashin bayan littafin zai kai kamar milimita 5, ka auna kafin a tsara bango, ka bar santimita 2 ta gefen ɗauri. Bango giram 250, a yi masa layin ninki, a sa leda, in ba haka ba launin ya fashe a gaɓa. Tawadar injin bugu na Riso ba ta bushewa da wuri, ka bar fuska ɗaya ta kwana kafin ka juya, kuma da hunturu ka karkaɗa takardar sosai don tana mannewa inji ya ja biyu-biyu.

In kana son abokinka da gaske, ka ce masa ya buga 100. Takarda 2,400, rim biyar sun isa har da ɓarna. Bango a yi a injin launi na kwamfuta, don farantan launi huɗu da ake haɗa wa babban inji kafin ya buga kuɗinsu ɗaya ne ko kwafi ɗari ko dubu. Ya tambayi kansa wa zai saya. Makaranta a nan da Faransanci ake yi, kasuwa Fillanci ya fi yawa, dattawanmu da dama ajami suka fi sabawa da shi, littattafan Kano kuma suna shigowa ta Yola da araha da shi ba zai iya ba. Matan da ke karanta irin labarinsa yanzu a WhatsApp suke. Ya saki babi biyu ko uku a can, ya rubuta sunan duk wadda ta ba da kuɗi tun kafin bugu, in sun kai kuɗin rim biyar da bango ya zo. Na ji kana cewa yana tunanin sayar da babur. Babur ɗin ne ke sayen maganin tsohonsa, kada ya taɓa shi. Ladan tsarawa na yafe masa saboda kai, amma kai za ka yi bayan an tashi aiki.

Kuma kada ya zo mini a watan Agusta ko Satumba, lokacin komawa makaranta inji ba ya hutawa da rajista da takardun sakamako. Ya zo bayan nan, da fayil ɗinsa da kuɗin takarda da biro.