Sigari, faɗuwar gaba da motsa jiki: Likita ya amsa tambayoyinku daga Legas

Tambaya: Likita, ni direban tanka ne, wani lokaci sai in yi kwana uku a layin Apapa ina jiran lodi. Shekarata 14 ina shan sigari. Sau biyu ina dainawa, amma da na kai kwana biyu sai gabana ya riƙa faɗuwa, zuciya na bugawa kamar za ta fito, dole in koma. An ce in riƙa gudu. Ashe gudun ba zai ƙara mini bugun zuciyar ba?

Amsa: Zai ƙara, Malam, kuma a nan amfaninsa yake. Amma bari mu fara da sigarin. Sinadarin nikotin yana kaiwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. Idan ya ragu a jini sai jiki ya fara ƙorafi: ƙunci, saurin fushi, fargaba. Ka kunna kara ɗaya, hankali ya kwanta, ka ce taba ce maganin. Alhali ita ta kunna wutar, ita kuma ta kawo ruwa. Wannan wahala tana ƙamari ne a rana ta biyu zuwa ta uku, sannan ta riƙa sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Wato sau biyun nan, daidai kan tudu ka juyo.

Mai yawan fargaba ba bugun zuciyar kaɗai ke damunsa ba, har da fassarar da yake yi masa: "shi ke nan, ajali ya zo." To idan da ƙafarka ka sa zuciya ta buga, ka yi haki, gumi ya keto, bayan minti biyar komai ya lafa, jiki na koyon cewa wannan ba mutuwa ba ce. Ranar da ƙishin taba ya kawo irin wannan bugun, sai ya tarar kun saba. An gwada haka a Amurka a kan masu irin tsoron nan, aka ga motsa jiki mai ɗan ƙarfi ya taimaka musu wajen dainawa.

Ka fara motsa jikin mako biyu kafin ranar da ka tsayar ta daina taba. Ba sai ka je filin wasa na Surulere ba. Sha'awar taba takan taso ta lafa cikin 'yan mintuna. Da ta taso, sauko daga mota ka yi tafiyar sassarfa ta minti goma a gefen layi. Burinmu minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, motsa jiki shi kaɗai ba kasafai yake raba mutum da taba ba. Haɗa da cingam ko filastar nikotin, bisa shawarar likita ko masanin magunguna.

Wani abin da direbobi ba sa so in faɗa: rage goro da Nescafe. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin ƙone kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi mai hana barci. Da ka daina, goron da ka saba ci zai fi ƙarfinka, ya hana barci, ya ƙara faɗuwar gaban.

Tambaya: Maigidana ɗan dako ne a Mile 12, wuni yake yana ɗaukar buhun albasa. Ya ce shi ya gama nasa motsa jikin. Haka ne?

Amsa: Yana da gaskiya rabi, Hajiya. Ƙarfi kam ba ya nema. Matsalar ita ce hutun da ke tsakanin mota da mota, nan ake kunna sigari. Ya sauya wurin zama, ya bar kusa da mai tebur, ya riƙe ruwa ko asuwaki. Ke kuma ki yi haƙuri da fushin makon farko, ba da ke yake ba.

Tambaya: Shekarata 56, ina Agege, ina da hawan jini. Idan na hau gadar masu tafiya a ƙasa sai ƙirjina ya riƙe. In fara gudun ni ma?

Amsa: A'a, Alhaji, kada ka fara. Riƙewar ƙirji yayin hawa a mai shekarunka, ga taba ga hawan jini, ba mu ɗaukarta fargaba sai an duba zuciya. Je asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja ko babban asibitin gwamnati mafi kusa cikin makon nan, a yi maka awon zuciya. Idan ciwon ya zo kana zaune, ko ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi da gumi, a kai ka sashen gaggawa nan take. Tabar dai ajiye ta yau, wannan ba ya jiran sakamakon gwaji.

Tambaya: Na bar sigari na koma shisha. Ba ta fi sauƙi ba?

Amsa: Ba ta fi ba, ɗana. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar, ga iskar gawayi a kai. Nikotin ɗin nan ne dai, an sa masa ƙamshin tuffa.