Karen da na tsinta zai riƙe amana kuwa?

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da na tsinci wani kare a bakin kwata, babur ya karya masa ƙafa. Na kai shi gonata inda nake kiwon kaji, na yi jinyarsa har ya miƙe. Yanzu duk inda na sa ƙafa yana biye da ni. Wasu sun ce karen tsintuwa ya fi kowanne amana don ya san wanda ya cece shi, wasu kuma sun ce karen titi ba ya zama. Maƙwabcina ya ba ni shawarar in ɗaure shi a lungu, kada ya riƙa ganin mutane, wai don ya yi zafi. Ina gaskiyar take? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri. Ka san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Kiwon kare don tsaron gona ko dabbobi kuwa yana cikin abin da aka yi rangwame a kai.

Masu cewa karen titi ba ya zama ba su san labarin wani kare mai suna Fido ba. A ƙarshen 1941 wani leburan gidan gasa bulo a Italiya, Carlo Soriani, ya tsinci kare da rauni a ramin gefen hanya, kamar dai naka. Da ya warke, kullum sai ya raka maigidan tashar bas da safe, ya koma ya tarye shi da yamma. Ranar 30 ga Disamba 1943 jiragen yaƙi suka yi wa garin Borgo San Lorenzo ruwan bama-bamai, Soriani na cikin waɗanda suka rasu. Karen nan bai daina zuwa tasha ba har shekara 14, sai da ya mutu a 1958. Mutum-mutuminsa na nan a garin.

Amma zancen cewa kare yana lissafin wanda ya cece shi yana biyan bashi, wannan mu ne muke ɗora masa tunaninmu. Abin da ke aiki shaƙuwa ce, kuma karen da ya daɗe ba mai kula da shi a shirye yake da ita kamar busasshiyar ƙasa da ruwan farko. Masu bincike a Budapest, babban birnin ƙasar Hungary, sun gwada haka a 2001 da karnukan gidan ajiyar dabbobi marasa galihu: baƙo ya zauna da kare minti goma, sau uku kacal, sai ga karen ya fara nuna alamun ya riƙe shi a matsayin nasa. Kai kuwa wata biyu kana wanke masa ciwo kana ajiye masa ƙanzo. Ina zai je?

Batun jarumta kuma, a nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai karnukan da suke sa ransu, ba shakka. A 2007 a Ostireliya, wani kare da bai wuce kwana huɗu da ɗauko shi daga gidan ajiya ba ya fizgi wata yarinya 'yar wata 17 ya wurgar da ita gefe, macijin da ya nufo ta ya sare shi a madadinta, aka yi masa allurar maganin dafi ya rayu. Sai dai irin wannan ba a yin odarsa. Yawancin karnukanmu na gida aikinsu shi ne kunne da hanci da haushi: su ji motsin da ba ka ji ba da ƙarfe biyun dare, su tashe ka. Ga mai gidan kaji wannan ya wadatar, domin ɓarawo, ko muzuru, ba abin da ya tsana kamar a tona shi.

Shawarar maƙwabcinka ka bar ta inda ka ji ta. Karen da aka ɗaure a sarƙa dare da rana ba jarumi yake zama ba, matsoraci yake zama mai cizo, kuma wanda zai fara kamawa yaron da ya kawo maka abinci ne, ba ɓarawo ba. Ka lura da naka idan baƙo ya shigo. In ya tsaya a ƙafafunsa, kunne a gaba, ya yi haushi sannan ya waiwayo ya dube ka, ka samu maigadi. In kuwa ya cusa bindi tsakanin cinyoyi, ya lanƙwashe kunne, yana ja da baya yana gurnani, tsoro ne, wataƙila na jifa da dukan da ya sha a titi. Halin kare da mutane yana ginuwa ne tun yana ɗan kwikwiyo, daga mako 3 zuwa 12, kai kuma ba ka ga wannan lokacin nasa ba. Don haka a bi shi a hankali. Iyalinka da masu yi maka aiki su riƙa ba shi abinci bi da bi, ka zagaya da shi iyakar gonar safe da yamma, kada a dake shi don ya yi gurnani (gurnani gargaɗi ne, in ka hana shi, cizo zai zo ba sallama). Yara kuma kada su taɓa shi yana ci ko yana barci. Kajin ma ka gabatar masa da su yana riƙe a igiya tukuna, don wanda ya rayu a bola ya san ɗanɗanonsu.

Abin da ba ka ambata ba, kuma shi ya fi damuna: an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka? Cutar tana iya ɓuya a jikin kare makonni ko watanni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Ka kai shi asibitin dabbobi a makon nan, a yi masa allurar, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ka riƙe katin, a maimaita duk shekara. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, shi kuma karen a killace shi kwana 10 likita na duba shi.