Injin caca ba ya cika

To ɗana, ja benci ka zauna. Ka ce injin nan na kazino da muke zuwa dubawa a otal, in ya daɗe yana haɗiyar kuɗi bai biya kowa ba, ashe bai kusa amayarwa ba? Kuma tun da mu ke buɗe cikinsa, me zai hana mu gane wanda ya cika? Na san ba kai kaɗai ke da tambayar ba, abokanka na fada ne suka turo ka. Duk Yamai haka ake zato.

Injin ba ya tuna jiya, ba ya tuna minti ɗaya da ya wuce. A ƙwaƙwalwarsa akwai manhajar da ba ta da aiki sai fitar da lambobi, ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, ko da mutum a gabansa ko babu. Yatsa na taɓa maɓalli, lambar da ta faɗo a wannan ƙiftawar ita ce hukunci. Jujjuyawar hotuna da kiɗan da ke biyo baya duk ado ne, an riga an gama. Wanda ya tashi, wani ya zauna ya ci babban rabo, ya koma yana cizon yatsa, wahalar banza yake yi. Ko da bai tashi ba, sai ya danna a daidai wannan ƙiftawar kafin ya samu.

Da can abin ƙarfe ne zalla. Wani makaniki, Charles Fey, ya ƙera mai tayoyi 3 a birnin San Faransisko na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Irin waɗannan kowa na iya lissafa su: in kowace taya tana da hotuna 20, to 20 sau 20 sau 20, hanyoyi 8,000 ke nan. Sai a 1984 wani ɗan Nowe, Inge Telnaes, ya yi rajistar dabarar da ta sauya sana'ar. Tayar da ido ke gani tana iya ɗaukar hotuna 22, amma a ƙwaƙwalwa gurabenta 64 ne ko fiye. Hoton babban rabo a ba shi gurbi 1, filin banza da ke maƙwabtaka da shi a ba shi da yawa. Yanzu damar jera uku ta koma 1 cikin 262,144, kuma mai wasa zai ta ganin hoton ya tsaya gab da layi, yana cewa saura ƙiris. Babu wani ƙiris, haka aka raba guraben.

Sai maganar kason biya, inda mutane suka fi ruɗewa. Kamfanin da ya ƙera injin shi ke tsara shi, kuma wasu ƙasashe sun sa iyaka: a jihar Nebada ta Amurka ba a yarda ya gaza kashi 75 cikin 100 ba, a Faransa kashi 85. Mu ɗauka namu 90 ne. Ba wai in ka zuba jika 10, wato sefa 10,000, za ka tashi da jika 9 ba. Ana cire kason ne daga duk abin da aka sa, har wanda ka ci ka sake mayarwa. Yi lissafi: dala 20, wato sefa 100, a kowace dannawa, dannawa ɗaya a daƙiƙa 6, sau 600 ke nan a awa. Ka juya jika 60, rabon gida jika 6. Mai jika 10 a aljihu, in aka bi matsakaici, ba zai cika awa 2 ba.

Kuma ka lura da wannan, don shi ne gindin tambayarka. In ka buɗe ma'aunin injin ka duba abin da ya shiga da abin da ya fita a mako guda, kana iya ganin 70, kana iya ganin 120. Sai an danna miliyoyin sau kafin ya natsu kusa da 90. Amma ba ramawa yake yi ba. Cokalin gishiri a randa ana jin sa, a kogin Kwara ba a ji, alhali ba wanda ya tsame shi. Yawan wasa ne ke shanye bambancin, injin bai ɗauki bashin kowa ba.

Mu kuwa abin da hannunmu ke kaiwa kaɗan ne: ƙurar hunturu da ke toshe wurin karɓar takardar kuɗi, fanka, maɓallin da ya maƙale, batirin da ke riƙe lissafin kuɗin mai wasa in an ɗauke wuta. Ɗauke wutar ma ba ya sauya sa'ar kowa. Babu wata ƙusa da ake murɗawa a ƙara biya ko a rage. Sai an sauya saitin manhajar, wannan kuwa ba hurumin mai gyara ba ne.

Hukuncin caca a addini ka san shi, malamai sun gama magana, ni gyara na iya. Amma a shagona doka biyu ce: ba ka wasa da injin da ka taɓa, ba ka karɓar goron kowa don ka nuna masa wanda zai biya. Wanda ya ba ka jika yau, in ya yi asarar 50 gobe, nan zai zo nemanka, kuma ni zai tarar.